Ranar da Tsoho Wigand Ya Shimfiɗa Tebur

Ingo Reblin bahago ne, kuma tun yana yaro ya yanke wa kansa hukunci cewa hannun hagun nan shi ya raba shi da ubansa. Yanzu ga shi da furfura a gefen kai, ga mata, ga shagon abincin kaji a bakin gada, amma maganar tana nan daram a ransa kamar jiya aka yi ta.

A garinmu, can cikin kwarin kogin Itajaí, mutum bai cika ɗan kulob ɗin harbi ba sai yana zuba harsashinsa da kansa a gida. Wanda ya sayo na kanti, ko ya ci gasa, sai an ce masa kamfani ne ya ci. A harkar zubi kuwa babu wanda ya kama ƙafar Tsoho Wigand, mahaifin Ingo. Rumfarsa tana bayan gida kusa da kejin agwagi, tukunyar dalma a kan benci, mazubai jere a bango.

Mazubi ba wani babban abu ba ne. Ƙarfe biyu ne da ke haɗuwa baki da baki, da mariƙin katako kamar awartaki, a samansa da ɗan marufi mai juyawa. A zuba narkakkiyar dalma ta hudar marufin, a jira ta kama jikinta, a buge marufin gefe da sandar katako, a buɗe, ƙwayar harsashi ta faɗo kan tsumma tana ƙyalli. Matsalar ɗaya ce: masu ƙera marufin nan ba su san Allah ya halicci bahago ba. Mai dama bugu ɗaya zai yi ya wuce. Bahago sai ya ƙetara hannu ta saman ƙarfe mai zafi kafin sandarsa ta kai.

Haka Ingo ya ƙone wuyan hannunsa ranar da aka fara zaunar da shi a kan kujerar zubi. Tsoho Wigand ya tsoma masa hannun a bokitin ruwa, ya ce, "Tashi ka fita, kafin uwarka ta kashe ni." Ingo ya fita yana kuka. Da ya waigo, sai ya ga ƙaninsa Harri ya riga ya haye kujerar.

Shi ke nan fa. Daga ranar sai "Harri, miƙo min ludayi", "Harri, duba min wuta", "ai Harri ya iya". Ingo ya koyi zubi daga baya a garejinsa, shi kaɗai, ƙuna a kan ƙuna, bai taɓa tambayar uban komai ba. So yake wata rana tsohon nan ya dube shi ya ce shi ma nasa ne a wannan sana'a. Abin da yake nema ke nan, ba lambar yabo ba.

Abin haushin ma, Harri ba mugu ba ne. Da mugu ne da an samu abin kamawa. Mutum ne mai fara'a da ƙaton tumbi, direban motar makaranta, shi ya zauna da tsohon a gidan gado bayan rasuwar uwarsu. Kuma in ya ɗaga ƙaramar bindigarsa ya auna takardar da ake kafawa don harbi, sai ka rantse da yatsa ya huda ta. Sarautar Sarkin Harbi da kulob ke naɗawa duk shekara ta zama kamar rigarsa. Ranar biki 'yan kulob su jeru da tuta da 'yan badujala su tafi ɗauko sarkin da aka naɗa bara a gidansa, tsohon ya tsaya a ƙofa yana share ƙwalla don alfahari, Ingo kuma yana cikin sahu yana tafi kamar kowa. Tafin nan yana yi masa ciwo har cikin ƙashi.

Ya daɗe da gano inda sirrin yake, a ganinsa. Kaka ce. Haka ake kiran wani tsohon mazubin baƙin ƙarfe da kakansu ya bari, mai baki biyu, wanda ke fitar da harsashi mai shafaffen kai da ke yanka takarda tsaf babu yagewa. Da Kaka Harri yake zubi tun yana saurayi. Ingo ya tabbata ko akuya aka ba Kaka sai ta zama sarki.

Sai ga hannun Tsoho Wigand ya fara rawa. Da farko kofi ne ke zubewa, daga baya ludayin dalma. Mutanenmu suna da al'ada a kan wannan: in hannun mai zubi ya gaji, yakan shimfiɗa tebur. Ranar Lahadi bayan cin abincin rana a shimfiɗa koren ƙyalle, ya jera mazubansa duka, 'ya'yansa su zaɓi ɗaiɗai, babba ne farko, abin da ya saura a kai wa kulob. Shi kuma mai kayan ba ya magana, ba ya nuni, ko da ido, don kada a ce ya fifita wani. In an tashi daga teburin, 'yan'uwa su yi musaya ko su bari, wannan ruwansu.

Da safen ranar, Marlise matar Ingo tana naɗe kek ɗin ayaba da za su tafi da shi, ta dube shi yana aske gemu yana fito.

"Wannan fiton na mugunta ne," in ji ta. "Me ka ƙulla?"

"Ni ne babba. Zaɓi zan yi."

"Zaɓi abin da zai yi maka amfani dai. Kai da kake cewa baƙin ƙarfe nauyi gare shi, yana jima bai yi zafi ba?"

"Yaushe kika zama mai zubi?"

"Tun ranar da na fara ɗaure maka hannu da bandeji. Ingo, ka bar wa yaron nan abinsa."

"Yaro? Mai jikoki?" Ya yi tsaki. "Kowa Harri, kowa Harri. Har a gidana ma."

Marlise ta ci gaba da naɗe kek ɗinta. Ta san in mijinta ya kafe a kan ƙaninsa, magana ƙara masa wuta take.

Aka ci gasasshiyar agwagwa da jan kabeji da rogo, aka kwashe kwanuka. Harri ya shimfiɗa ƙyallen, tsohon ya shiga jera mazubai da kansa, a hankali, hannu na karkarwa, bai yarda kowa ya taya shi ba. Ga na alminiyan mai baki shida, mara nauyi, mai cika tsumma da harsashi kan ka ce kwabo. Ga na tagulla mai kyau kamar kayan ado, wanda rabin kulob ke haɗiyar yawu a kansa. Ga masu zagayayyen kai, ga masu tsini. Kaka tana tsakiya, baƙa wuluk, mariƙinta ya yi santsi don shan hannu. Na ƙarshe da ya ajiye wani ne mara kyan gani, mariƙinsa sabon katako ko man goge babu. Ya ajiye shi can gefen hagu, daidai kujerar Ingo, sannan ya zauna ya harɗe hannuwa don su daina rawa.

Ingo ya miƙe. Ya ture mara kyan ganin da gwiwar hannu don ya samu wurin dafawa. Ya ɗauki na alminiyan, ya jinjina, ya ajiye. Ya ɗauki na tagulla, ya buɗe, ya leƙa ciki kamar mai nazari. Ƙarya yake, ba mazubi yake kallo ba, fuskar Harri yake sata da gefen ido. Duk sanda hannunsa ya gifta kusa da Kaka sai ya ga maƙogwaron ƙanin nasa ya motsa. Daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa. Shekara da shekaru yana jiran ganin Harri yana tsoron rasa wani abu.

Ya ɗauki Kaka.

"Wannan," in ji shi.

Harri ya sunkuyar da kai. Ingo ya dubi ubansa, sai ya ga fuskar tsohon ta faɗi. Nan take daɗin ya koma ɗaci. Wato har a yau, har a kan teburin da aka ce babu fifiko, tsohon nan baƙin ciki yake an hana ɗan lelensa.

Harri ya tashi. Kowa ya ɗauka na tagulla zai ɗauka. Ya tsaya ya dubi uban na ɗan lokaci, sannan ya zagayo teburin ya miƙa hannu ya ɗauki mara kyan ganin nan.

Ingo ya yi dariyar ƙeta a cikinsa. Ji munafunci. Wai shi mai sauƙin kai, bai damu da abin duniya ba, don gobe a kulob a ce kai, Harri mutumin kirki ne.

"Yaya, zo mu ɗan fita waje, ina da magana," in ji Harri.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Harbi, talakanka yana sauri. Marlise, ɗauko jakarki."

Ko kofi bai tsaya sha ba.

Harri ya yi ta kira a waya cikin makon nan. Ingo ya dubi sunan ya kifa wayar. Ya san roƙo ne. Ran da motar makaranta ta tsaya a gaban shagonsa, ta ƙofar baya ya sulale ya bar Marlise da amsa gaisuwa.

"Ya ce magana ce a kan mazubi," in ji ta da ya dawo.

"Ai na sani. Ki ce masa Kaka tana gaishe shi."

Sai dai Kaka ba ta karɓe shi ba. Ranar Asabar da hantsi ya buɗe ƙofar gareji, ya hura wuta, ya zauna. Harsasan farko suka fito a yamutse kamar fatar tsohuwa. Ya ce sanyi ne, bari ta ɗumama. Da ta ɗumama sai marufin ya ƙi shi. Marufin Kaka tauri gare shi, shekaru sun koya masa bugu ta fuska ɗaya, daga hannun kakansu zuwa na ubansu zuwa na Harri, dukansu masu dama. Ingo ya ƙetara hannu ya buga, sanda ta zame. Ya sake, wuyan hannunsa ya taɓa ƙarfe, ya ji ƙaurin fata. Kafin ya gama fama da marufin dalmar ta yi sanyi ta ƙara tauri.

Asabar ta biyu ma haka. Bikin harbi yana matsowa, kwanon da ya tanada don harsasai masu kyau ko gindinsa bai rufe ba. Abin da ya fi ci masa rai, yana jin muryar uban a kunnensa, "ai Harri ya iya". Har ƙarfe ma ya san ɗan lele.

A Asabar ta ƙarshe kafin biki marufin ya cije gaba ɗaya. Ya buga da sanda, ya buga, sandar ta tsage. Idonsa ya rufe. Kowane ɗan kulob ya san ba a kusantar mazubi da ƙarfe, yara ma sun sani, shi kansa Ingo ya sha yi wa sababbin shiga faɗa a kai. Amma hannunsa ya riga ya kai kan gudumar da ke rataye a bango. Ya ƙetara, ya kai bugu. Gudumar ta goce daga marufin ta sauka a gefen bakin mazubin.

Ƙarar ba ta da yawa. Ya buɗe, ya ga wurin ya lotsa kaɗan, kamar an danna farce a sabulu. Ya rufe ya ɗaga ta saitin ƙofa, sai ga siririn haske yana ratsawa tsakanin ƙarafan biyu, inda da ko iska ba ta wucewa. Ya gwada zubi ɗaya. Harsashin ya fito da fiffike a gefe.

Ya kashe wutar ya zauna. Marlise ta leƙo ta kira shi cin abinci, ta ga fuskarsa, ta ga gudumar a ƙasa, ta ja ƙofar ta koma.

Ranar biki ya saka koren kwat ɗin kulob, ya naɗe Kaka a tsumma ya zura a aljihu. A filin coci inda ake haɗuwa ya ja Valmor gefe, wani mai injin gyaran ƙarfe da ba ya yawo da maganar mutane. Valmor ya sa tabarau, ya ɗaga mazubin sama, ya daɗe yana dubawa.

"Wannan ba Kakar gidanku ba ce?"

"Za ta gyaru?"

"In na goge wurin, bakin ya ƙara faɗi. In na bar shi, ga abin da ka gani." Ya mayar masa. "Ingo, sai dai a rataye ta a bango a riƙa tunawa. Wa ya yi wannan aika-aika?"

'Yan badujala suka fara gwada ƙahoninsu, Ingo ya fake da haka ya shige sahu.

Aka taka har gidan gado, tuta a gaba, yara na bin gefe. A tsakar gida an jera tebura, giya da burodi da tsiran nama, kamar yadda sarkin bara ke yi wa masu ɗaukarsa. Ingo ya nemi lungu ya tsaya. Bai ankara ba sai ya ji an kama hannun kwat ɗinsa.

"Yau dai ba ƙofar baya," in ji Harri. Sarƙar sarauta tana wuyansa, tumbi ya ɗaga ta. "Zo."

Ya ja shi zuwa rumfar zubi. A nan Ingo ya lura da bandeji a wuyan hannun ƙanin nasa, na dama.

"Me ya same ka?"

"Abinka ne ya cije ni." Harri ya ɗauko mara kyan ganin daga kan benci ya miƙa masa. "Riƙe. A'a, yadda kake riƙewa in za ka yi zubi."

Ingo ya riƙe da dama, ya ɗauki sandar katako da hagu. Sandar ta sauka a kan kunnen marufin da kanta, babu ƙetarawa, babu murɗa hannu. Ya ɗan taɓa, marufin ya juya sumul. Ya mayar, ya sake taɓawa. An cire marufin ne an juya shi, an sake huda ƙarfen, an cike tsohuwar hudar an goge. Mariƙin ma an fafe shi daidai inda yatsunsa ke kwanciya. Duk tsawon rayuwarsa bai taɓa riƙe mazubin da bai yi faɗa da shi ba sai yau.

"Tun damina Baba yake kansa," in ji Harri. "Da hannun nan nasa. Sau nawa zarto yana yankansa, na ce Baba kawo in taya ka, ya ce ba nawa ba ne, in cire hannuna. Ka tuna ran da ya karɓi bindigarka wai zai goge maka? Awon bakinta ya ɗauka. Wallahi Yaya har haushi na ji, ni bai taɓa ƙera min ko ƙusa ba." Ya yi 'yar dariya. "Da ka tsallake shi, na ga in ban ɗauka ba kulob za a kai, baƙin ciki kuma ba zai bar tsohon nan ya kai Kirsimeti ba. Na gwada zubi da shi, ka ga sakamako. Yanzu na san abin da kake sha. To, magana ta ƙare, ba ni Kaka ka tafi da naka."

Ingo ya kasa ɗaga kai. Inuwa ta rufe ƙofar rumfar. Tsoho Wigand ne, cikin kwat ɗinsa da ya yi masa yawa, lambobi na ƙara a ƙirjinsa saboda rawar jiki. Yana murmushi, irin murmushin wanda ya ga abu ya kusa daidaita.

Ingo ya sa hannu a aljihu. Ya fito da tsumman, ya warware a kan benci.

Harri ya ɗauka da sauri kamar mai karɓar jariri, ya buɗe, ya rufe, ya ɗaga saitin haske. Fara'ar ta bar fuskarsa. Maƙogwaronsa ya motsa, irin motsin nan da Ingo ya ji daɗin gani a kan tebur. Yau ya gan shi sosai, kusa da kusa, bai ji komai ba sai kunya.

Tsohon ya miƙo hannu, Harri ya ba shi. Ya bi wurin da babban yatsa, ya sake bi.

"Guduma?"

"Guduma, Baba."

Ya gyaɗa kai.

"Ran da na kore ka daga rumfar nan, tsoro na ji," in ji shi. "Na ga fatar hannunka a jikin ƙarfe. Ban san za ka tafi da korar har tsufa ba." Ya dubi mazubin da ke hannun Ingo. "Na sa maka shi a gabanka. Ka taɓa kowanne a teburin nan banda shi. Ƙaninka kake kallo."

A waje ganga ta buga, ana kiran sarki. Tsoho Wigand ya naɗe Kaka a tsummanta, a hankali, ya zura a aljihunsa.

"Tafi da shi, naka ne. Ba wanda zai iya aiki da shi sai kai." Ya juya. "Harri, kama ni, matakalar nan tana ba ni wuya."

Harri ya share ido da bayan bandejinsa, ya gyara sarƙa, ya kama hannun uban suka fita. Jama'a suka ɗauki tafi.

Ingo ya tsaya a rumfar har sahu ya fara motsawa. Sannan ya sa mazubin a aljihun da Kaka ta fito, ya bi su a can baya, bayan yara, ƙarfen yana bugun cinyarsa duk taku.